Wance Tawa

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa ni na hana babanku mota. Har ƙannensa da ba su taɓa taka Ikko ba sun riƙe maganar kamar karatu, kowa ya karɓa sai ya ƙara mata gishiri kafin ya miƙa gaba. To, gaskiya ne, ni na hana shi, kuma da za a dawo da ranar da na sake hanawa. Amma tunda ƙarfi ya fara ja baya, kuma mutum ɗaya da zai iya katse min magana ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, gara ku ji yadda abin ya faru daga bakin mai shi.

Shekarar da aka canza kuɗi ce, fam ya tafi naira ta zo. Muna haya a Agege, bayan layin dogo, a gidan wata Bayarabiya mai sayar da atamfa da ake kira Iya Mulika. Ɗaki biyu muka kama, ɗaya namu, ɗaya na Inna, mahaifiyar babanku, bango ne kawai ya raba mu. Babanku kalangu ya gada kaka da kakanni, kuma kun san kalangu na mahauta ne. Kullum da safe yana mayanka, yana kaɗa wa mahauta takensu suna fiɗa, yana wasa dillalan shanu, su kuwa suna cusa masa kuɗi a hula. Lokacin kuɗi ya fara yawo a gari. Wanda jiya yake ɗaukar cinyar sa a ka, yau ya sayi agogo da rediyo, kuma kowa so yake a ji sunansa. Shi ya sa duk ilimin babanku a kan waƙa bai wuce abu ɗaya ba: waƙa suna ce. Ka sa sunan mutum ya ba ka, in sunan babba ne kyautar ta yi kauri. Waƙar da ba sunan kowa a cikinta, a wurinsa, ɓata numfashi ne kawai.

Yayarku Uwani ce kaɗai gare mu a lokacin, ba ta daɗe da fara tafiya ba. A gida na haife ta, can ƙasar Katsina, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, can aka yi suna, aka mayar mata da sunan Inna. Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Ga ta 'yar fari, ga ta da sunan surukata, kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, in ta faɗi a tsakar gida sai in kau da kai in bar Inna ta ɗaga ta, zuciyata kuwa kamar ta tsage. Da aka yaye ta sai ta koma ɗakin Inna gaba ɗaya. Yarinyar akwai kuka, musamman da rana in jirgi ya wuce ya girgiza kwanon gidan. Ni kuma a daidai lokacin ina bakin turmi ina dakan fura, don ita nake sayarwa. Ba dama in shiga in rarrashe ta, sai in sunkuyar da kai in yi wa turmi waƙa:

Wance tawa, wance tawa,
Jirgin Kano ya wuce, bai ɗauke ki ba,
Ruwan Ikko ya sauka, bai jiƙa ki ba,
Yi shiru, ina nan bayan bango.

Da ta ji sai ta yi tsit. Inna ta san abin da ake ciki sarai, amma ba ta taɓa tanka min ba, sai dai wani lokaci ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce turmin gidan nan ya cika shagwaɓa.

Ana nan sai wani kamfanin faifai da ke cikin Ikko ya nemi babanku. Kafin ya iso gida labari ya gama mayanka. Duk mai ɗan abin hannu ya biyo shi yana so a sa shi a faifai. Alhaji Ɗanladi, wanda ya fi kowa shanu a kasuwar, sa guda ya ba shi don sunansa ya zo farko, ya kuma zo ƙarshe. Babanku ya tara 'yan amshinsa a tsakar gidanmu, suka yi ta jera sunaye suna gyarawa har ni ma na haddace. Abin da ba wanda ya gaya musu shi ne faifai fuska biyu gare shi. Sun je sun juye duk sunayen a fuskar gaba, mai ɗaukar murya ya ce madalla, saura baya. Babanku ya ce sunaye sun ƙare. Suna cikin zare ido sai wani ɗan amshi, don tsokana, ya ɗauko waƙar turmina, tunda ta ishe su ji a gidan. Sauran suka amsa, babanku ya bi su da kalangu a hankali yana dariya. Mai ɗaukar murya ya ɗaga hannu ya ce kar su canza komai, ita yake so.

Da la'asar ya shigo yana ta washe baki, da takarda a hannu.

"Yau turminki ya shiga faifai," in ji shi.

"Wane turmi kuma, Malam?"

"Waƙar nan taki ta banza. Da ita muka toshe bayan."

Ya zauna ya yi mana bayani, ni da Inna. Ya ce akawun kamfanin ya shimfiɗa masa hanya biyu. Ko ya karɓi kuɗinsa a hannu a wuce wurin, ko kuma a yi kaso: duk faifan da aka sayar a cire ɗan abu a ajiye, mai rerawa da nasa, wanda ya ƙirƙiro waƙar da nasa, a tara a biya sau biyu a shekara. Shi dai ya karɓi nasa a hannu, na rerawa da na waƙar alhazai duka, ya buga aljihu don mu ji. Amma da aka tambaye shi wa ya ƙirƙiro ta bayan, ya ce maiɗakinsa, don ƙarya ba ta cikin halinsa. Akawun ya ce to ba shi da ikon sayar da abin da ba nasa ba, za a bar ta a kan kaso, in dangwala hannu kawai.

"Ɗan abin nan da za a riƙa cirewa, nawa ne?" in ji Inna.

"Bai kai kuɗin goro ɗaya ba, Inna."

Inna ta yi dariya har da tafi. Dariyar ba ta tsaya ba sai da ta ji za a buga sunana a jikin faifan.

"Sunan matar aure? Yana juyi a kan garmaho a otal-otal, 'yan giya na leƙe? La'ilaha illallahu! A gidan wa aka taɓa yi?"

"Ƙanana ne haruffan, Inna," in ji babanku. "Ai ba mai gani. Ko mai tabarau sai ya durƙusa."

Na dangwala, na koma bakin turmina, na manta da zancen.

Faifai ya fito. Da farko alhazai ne suka saya, kowa ya kai gida ya tara iyali a ji an kira shi. Amma mutum sau nawa zai saurari sunan wani? Sai mata suka juya bayan. Daga nan ba a sake juyowa ba. Shagon aski ita, tashar mota ita, direbobin manyan motoci suka ɗauke ta daga Mile 2 suka kai ta Arewa. Wata ƙawata ta zo daga Idi-Araba ta ce can ba a goyon yaro sai da ita. Abin da ya kama mutane shi ne gurbin sunan a buɗe yake, kowace uwa sai ta cire wance ta sa nata. Wata rana na fita sayen gero na ji wata Bayarabiya, wadda ko sannu ba ta iya da Hausa ba, tana jijjiga jaririya tana "Sikira tawa, Sikira tawa." Na tsaya a tsakiyar hanya kamar wata sokuwa, daɗi ya rufe ni, har mai kura ya yi min tsawa. Kunya ce ta hana ni sa suna a waƙar, ashe rashin sunan ne zai sa kowa ya ce tasa ce.

Inda daɗin ya tsaya shi ne ranar da Alhaji Ɗanladi ya yi sallama da babanku a ƙofar gida, faifai a hannu. Ina daga bayan ƙyaure ina jin komai.

"Mai Kalangu, sa guda na ba ka ko ban ba ka ba?"

"Ka ba ni, Alhaji. Allah ya ƙara arziki."

"To yau na shiga shago uku. Ko'ina faifan nan na juyi, ko'ina sunana na kife yana kallon ƙasa! Ni Ɗanladi, a kife ni a ƙarƙashin wata wance? Wace ce wancen nan? Shanu nawa gare ta?"

"Alhaji, ai in an juya..."

"Wa zai juya? Na ce wa mai shagon ya juya, mata suka taso min kamar na zagi iyayensu!"

Na cusa bakin zani a baki don kar a ji dariyata. Amma abin bai zama na dariya ba daga baya. Alhaji ya yi fushi, sauran da aka kife tare da shi suka taya shi, aka daina kiran babanku biki, a mayanka ma in ya ɗauki taken mutum sai ya yi kamar bai ji ba. Kuɗin da ya karɓa a hannu kuwa tuni sun bi ruwa: ya raba wa 'yan amshi, ya ɗinka riguna, ya saya wa Inna gadon ƙarfe. Kasona na farko ya zo, ya ba mu mamaki, don ɗigon da bai kai goro ba ya taru ya zama abin kirki. Sai dai shi kaso bai san yau ba cefane ba, sai lokacinsa ya yi. Furata ce ta riƙe gidan. Babanku sai ya wuni a kan tabarma yana gyaran tsarkiyar kalangun da ba abin da ya same ta. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Ana cikin haka kamfanin ya aiko. Suna so su sayi waƙar gaba ɗaya, su ba ni kuɗi a dunƙule, in cire hannuna. Da babanku ya ji adadin sai da ya miƙe tsaye. Kuɗin danfo ne, irin ƙananan bas ɗin nan na haya. Mutumin da ko keke bai iya ba, nan take ya fara zaɓen direba da abin da za a rubuta a bayan motar. Aka zauna a tsakar gida, Iya Mulika ma ta jawo kujerarta ba tare da an kira ta ba, don ba a shawara a gidanta ba da ita ba.

"Mahauci ba ya kwana da nama," in ji babanku. "Waƙa yau tana tashe, gobe wata ta fito ta danne ta. A sayar tun da ɗuminta."

"A sayar," in ji Inna. "Ko ba komai a kankare sunan matar ɗana daga bakin duniya."

Iya Mulika ta gyara ɗaurin kanta ta dube ni. Iyawo take ce min, wato amarya da Yarbanci.

"Iyawo, ji ni da kyau o. Ni ba na sayar da gida, haya nake bayarwa. Tun yaushe kuke ba ni kuɗi? Gidan ya tafi wani wuri? Su waɗannan oga, don Allah suke son ba ki danfo? Ku ne kuke cewa ruwa ba ya tsami banza."

Maganar babanku gaskiya ce, muna cikin matsi, kuma mota za ta mayar masa da mutuncinsa a idon waɗanda suka juya masa baya. Ta Iya ma gaskiya ce. Amma abin da ke cina ba haya ba ne, ba kuma nama ba. Uwani na zaune a cinyar Inna tana wasa da carbi, ina satar kallonta ta gefen ido. Yarinyar nan ban taɓa ɗaukarta na yi mata rawa ba, ban taɓa ce mata zo nan 'yata ba. Abu ɗaya tak na taɓa ba ta daga ni sai ita, shi ne ake cinikinsa a gabanta. Ba yadda zan faɗi haka a gaban Inna, don haka na ce mu je dai in ji da kunnena.

Muka shiga Ikko mu uku, ni da babanku da Iya Mulika a matsayin tafinta. Ofishin yana saman bene, da wata fanka a sama mai ƙara kamar injin niƙa. Akawun, Oga Tunde, mutum ne mai fara'a, kuma ina so ku sani bai ɓoye mana komai ba. Iya ta tsare shi da tambaya, ya ce gaskiya wasu makaɗa na so su juya waƙar da Yarbanci, kamfani kuma zai sa ta a babban faifai. Duk inda waƙar ta shiga, ko wa ya rera, kason wanda ya ƙirƙiro ta na biye da ita, shi ya sa suka ga gara su saya su huta. Ya kuma ce ba wanda ya san gobe, tana iya mutuwa baɗi in yi da na sani.

"Iya, tambaye shi," na ce, "in na sayar, ta wa za ta zama?"

"Ya ce ta kamfani, har abada."

"In ban sayar ba, ana iya ba wani ita kyauta?"

"Ya ce ana iyawa. Ko yaro ne, sai dai kuɗin ya riƙa bi ta hannunki har ya girma."

"To a ba yarinyar nan ta gidanmu."

Babanku ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

"Danfon fa?" ya ce a hankali.

"Malam, ka yi haƙuri. Duk abin da na mallaka ka ɗauka, har turmin. Wannan tun asali ba tawa ba ce."

Ya daɗe yana kallona. Shi ma fa 'yar farinsa ce, shi ma bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Can ya ja numfashi ya ce wa Iya ta ce a rubuta. Oga Tunde ya ɗauko sabuwar takarda, ya cire murfin alƙalami, ya tambayi sunan yarinya. Iya ta ce Uwani. Ya ce ba na wasa ba, sunan da liman ya raɗa yake so, wanda za ta shiga makaranta da shi. Iya ta juyo gare mu, don a Katsina aka yi sunan, ita ba ta taɓa ji ba. Babanku ya ɗaga kai ya ƙura wa fanka ido kamar shi aka kira gyaranta. Ni kuma na sami wani abin kallo a ɗan yatsan ƙafata. Oga Tunde ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya yi wata magana da ta sa Iya ta fashe da dariya.

"Ya ce uba bai sani ba, uwa ba ta sani ba, tsintar yarinyar kuka yi?"

"Gaya masa sunan mahaifiyata ne," in ji babanku. "Ko da wuƙa a wuya ba zai fito daga bakina ba."

Akawun ya ce shi dai ba ya rubuta abin da bai ji ba. In ba suna, to takardar sayarwa ce kaɗai a shirye. Wallahi na ga idon babanku ya ɗan yi haske, danfo ta fara dawowa. Sai na ja mayafi na rufe baki, na faɗa can ƙasa-ƙasa. Fankar nan ta cinye maganar. Oga Tunde ya kama kunne ya ce in sake. Na sauke mayafin, na ɗaga kai.

"Saratu," na ce.

Babanku ya toshe kunnuwa ya yi waje har yana tuntuɓe da kujera. Ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma a ƙarƙashin kunyar wani daɗi ne da ban taɓa jin irinsa ba. Tun ranar suna sunan nan ke bakina ina haɗiye shi.

Ba mu gama cire takalmi ba Iya Mulika ta kai rahoto. Inna ta kira ni ɗakinta, na durƙusa.

"An ce kin kira sunana a gaban ƙato."

"Na kira, Inna. Ki yafe ni."

"Har sau biyu?"

"Fankar ce, Inna."

Ta juya min baya, amma na ga kafaɗarta na motsi. Da sabon bugu ya fito, Iya ta nuna mata 'yan haruffan ta ce ga sunanta nan. Matar da ta ce ba a taɓa yi ba a gidan kowa, ita ce ta naɗe faifan a sabon ɗankwali ta sa a ƙasan kwalla. Duk baƙuwar da ta zo sai an ciro an nuna mata, har ta kai Inna na cewa ai ita ta yi waƙar tun tana budurwa. Na bar mata, don ya fi min sauƙi a ce tata ce da a gane wadda nake nufi.

Ba zan ce muku ba mu ji jiki ba. Babanku bai sake samun manyan iyayen gida irin na da ba. Ya koma kiɗan suna da ƙananan bukukuwa, da yamma yana taya wani abokinsa a teburin tsire. Mun daɗe a haya fiye da sa'o'inmu, kuma har ya bar duniya in danfo ta wuce mu sai ya ce, "Ga motata can," in ce masa Allah ya kiyaye hanya. Kason ya yi shekaru yana zuwa, wani lokaci da kauri wani lokaci kamar a yi kuka, har kaset ya fito kowa ya koma kwafa, ya ƙafe. Ko danfo za ta fi shi kawowa? Wataƙila. Ban sani ba, kuma ban taɓa zama na auna ba. Na dai san da shi aka yi wa yayarku makaranta tun daga allo har ta zama ungozoma a asibiti, tana zaton kuɗin fura ne.

Ke kuwa Uwani, na san kin tashi kina ganin na fi son ƙannenki, don su na goya a fili, su na kira da sunayensu. Ba ki taɓa faɗa ba, amma uwa na gani. Na sha jin ki kina yi wa 'ya'yanki waƙar nan, kina cewa ta kakarki ce, kina cire wance kina sa nasu ɗaya bayan ɗaya. Ki ci gaba da sawa, ba laifi. Amma gurbin nan ba a buɗe yake ba, tun ranar farko da mai shi. Ke ce, Saratu.